Babi na Bakwai: Lord Melbourne, Wanda Sarki Ya Kora, Sarauniya Ta Riƙe

Duk sa'ad da aka nuno sabon Firayim Ministan Birtaniya a talabijin ya shiga fada ya rusuna gaban Sarki, akan sami mai tambaya: to, tunda Sarki ne ya naɗa shi, in ya ɓata masa rai zai iya tuɓe shi? Ga wanda ya saba da cewa mai ɗaura rawani shi ke kwance shi, amsar a fili take. A Ingila ma, in tsohuwar doka za a bi, ikon yana nan ba a soke shi ba. Sai dai rabon da wani sarki ya yi aiki da shi tun watan Nuwamba na 1834, kuma wanda ya gwada ɗin bai ji daɗin abin da ya biyo baya ba.

Wanda aka tuɓe a wannan karo sunansa William Lamb, amma duniya ta fi saninsa da sarautarsa, Lord Melbourne. Rayuwarsa za mu bi mu nemo amsar, domin ya ɗanɗani abin ta fuska biyu. Sarki ya kore shi, majalisa ta dawo da shi cikin wata biyar. Bayan 'yan shekaru Sarauniya ta riƙe shi ƙam, masu zaɓe suka fizge shi daga hannunta.

Gidan da ya fito

An haife shi a Landan ranar 15 ga Maris, 1779. Gidan Lamb ba su daɗe da shiga sahun masu sarauta ba. Kakansa, Matthew Lamb, lauya ne da ya tara dukiya ta hanyar kula da gonaki da kadarorin manya, ya kuma auri magajiyar wani babban gida mai suna Melbourne Hall a yankin Derbyshire. Daga sunan gidan nan aka samo sunan sarautar da aka bai wa mahaifin William. Sarautun gado na Ingila hawa biyar ne, Duke a sama, sai Marquess, sai Earl, sai Viscount, sai Baron, kuma mahaifin nasa a hawa na huɗu ya tsaya. Ya yi shekaru yana hidima a fadar Yarima mai jiran gado, wanda ya zama Sarki George na Huɗu. Amma ƙashin bayan gidan ita ce uwar, Elizabeth, mace mai wayo da sanin wa za a gayyata cin abinci, wadda zaurenta ya zama matattarar manyan jam'iyyar Whig.

Al'adar masu sarautar Ingila ita ce ɗan fari namiji ya kwashe komai, sarauta da gida da gonaki. Ƙanne kuwa kowa ya nemi abin yi, ko soja, ko aikin coci, ko lauya. William ɗa na biyu ne, don haka bayan ya yi karatu a Eton da Cambridge da Glasgow, sai ya zama lauya a 1804. Shekara na zagayowa wansa Peniston ya rasu, gado ya faɗo kansa. A 1806 ya shiga majalisar wakilai da kujerar Leominster, domin magaji yana iya zama a wannan majalisa muddin uban yana da rai. Sai a 1828, da mahaifin ya rasu, ya gaji sarautar ya koma majalisar masu sarauta.

Auren da ya zama abin magana

A 1805 ya auri Caroline Ponsonby, 'yar babban gida, mai kaifin basira da zafin rai. A 1812 ta faɗa soyayya da mawaƙin nan Lord Byron, ba ta kuma damu da ɓoyewa ba. Da Byron ya gudu daga gare ta, sai ta rubuta littafin ƙagaggen labari mai suna Glenarvon a 1816, inda ta saka mijinta da masoyin da manyan Landan da sunayen aro, kowa kuwa ya gane kansa. Dangin William sun matsa masa ya rabu da ita, ya yi ta jan ƙafa har 1825. Ko bayan rabuwar, da ciwon ajali ya kama ta, ya taso daga Ireland inda yake aiki ya zo gare ta kafin ta cika a watan Janairu na 1828.

Ɗansu ɗaya da ya rayu, Augustus, yana da farfaɗiya da raunin ƙwaƙwalwa. Masu hali na zamanin sukan kai irin waɗannan yara wani wuri nesa da idon jama'a, amma William ya riƙe nasa a gida har ya rasu a 1836. Wanda ya sha irin wannan ba ya saurin zumuɗi da komai. An san Melbourne da kishingiɗa a kujera, da hamma a tsakiyar muhawara, da yawan ashar, da kuma amsa guda ga duk mai son gyara: me zai hana a bar abin yadda yake? A bayan wannan kasala ta ganin ido akwai mutum mai karatun dare, wanda ya san tarihi da littattafan addini fiye da yawancin abokan aikinsa.

Hannun da bai yi laushi ba

Kada mai karatu ya ɗauka sanyin halinsa ya kai ga talaka. A 1830 Lord Grey ya kafa gwamnatin Whig ya ba shi ministan cikin gida, daidai lokacin da ma'aikatan gona a kudancin Ingila suka tayar da tarzoma. Injin casa ya ƙwace musu aikin da suke ci da shi a lokacin sanyi, lada kuma ba ta kai ta kawo, sai suka shiga farfasa injuna da ƙona damman hatsi. Melbourne ya kafa kotuna na musamman. An rataye mutum 19, an kuma kwashi kusan 500 zuwa Ostiraliya aikin wahala.

A 1833 ma'aikatan gona shida a ƙauyen Tolpuddle na yankin Dorset suka kafa ƙungiya saboda an zaftare ladarsu zuwa sule bakwai a mako. Kafa ƙungiya ba laifi ba ne a lokacin, sai aka tono wata doka ta 1797 da ta hana rantsuwar asiri, aka yanke musu shekara bakwai a Ostiraliya a 1834, da amincewar Melbourne. Dubban mutane sun yi jerin gwano a Landan, bai sauya ra'ayi ba. Sai a 1836 aka yi musu afuwa, lokacin da Lord John Russell ke riƙe da ma'aikatar cikin gida.

A cikin gwamnatin Grey aka yi dokar gyaran zaɓe ta 1832. Kafin ita, wani tudu da ake kira Old Sarum, wanda babu kowa a kansa, yana da wakilai biyu a majalisa, alhali Manchester da Birmingham ba su da nasu ko ɗaya. Melbourne bai yi murna da gyaran ba, ya bi ne don ya ga ƙin yin sa zai fi haɗari. Bai sani ba, wannan dokar da ya yarda da ita da ƙyar ita ce za ta cece shi nan da shekara uku, ita ce kuma za ta kayar da shi nan da shekara tara.

Ranar da Sarki ya gwada ƙarfinsa

Grey ya sauka a watan Yuli na 1834, Sarki William na Huɗu ya kira Melbourne ya kafa gwamnati. Bayan wata huɗu sai aka sami giɓi. Lord Althorp, jagoran gwamnati a majalisar wakilai, ya gaji mahaifinsa, dole ya koma majalisar masu sarauta. Melbourne ya tafi Brighton wurin Sarki da sunan Lord John Russell a matsayin wanda zai maye gurbin. Sarki ba ya ƙaunar Russell, musamman saboda ra'ayinsa na a taɓa dukiyar cocin gwamnati a Ireland, dama kuma ya gaji da 'yan Whig. Sai ya ce ya sallami gwamnatin gaba ɗaya.

Melbourne bai yi gardama ba, ya koma Landan abinsa. Aka aika a nemo Sir Robert Peel, jagoran 'yan Tory a majalisar wakilai, wanda yake yawon buɗe ido a Italiya, Duke na Wellington ya riƙe ƙasar kafin ya iso. Peel ya kira zaɓe a Janairun 1835, ya ƙaru da kujeru masu yawa, amma bai sami rinjaye ba. 'Yan Whig suka haɗa kai da masu neman sauyi da wakilan Ireland na Daniel O'Connell, suka dinga kayar da shi a ƙuri'a, yau da gobe, har ya ajiye aiki a watan Afrilu. Sarki ya duba gabas ya duba yamma, babu wanda zai iya tafiyar da majalisa sai mutumin da ya kora. Ya kira shi.

Dalilin a sauƙaƙe yake. Gwamnati ba ta tafiya sai da kuɗi, haraji kuma ba a karɓarsa sai majalisar wakilai ta yarda. A da, sarki da manyan masu gonaki suna da ƙananan mazaɓu a aljihu, kuma duk wanda sarki ya naɗa yakan ci zaɓen da ya biyo baya. Dokar 1832 ta toshe yawancin aljihunan nan. Kamar mai gida ne da ya kori direba ya ɗauko wani, alhali makullin motar yana hannun wasu: zai zaunar da wanda ya ga dama a kujera, amma motar ba za ta tashi ba.

Yarinya a kan gadon sarauta

Ranar 20 ga Yuni, 1837, Sarki William ya rasu. Da sassafe aka tashi 'yar ƙaninsa Biktoriya daga barci a fadar Kensington aka gaya mata ta zama Sarauniya. Shekararta 18. Mahaifinta ya rasu tana wata takwas, ta tashi a tsare a hannun uwarta da mai kula da gidansu, Sir John Conroy, wanda ya yi ta ƙulle-ƙullen ya zama shi ne mai juya ta. Har zuwa daren da ya gabata a ɗakin uwarta take kwana. Da hantsi Melbourne ya iso, ta gan shi ita kaɗai, ta ce ya ci gaba da aikinsa, ya kuma miƙa mata jawabin da ya rubuta mata don karantawa a gaban 'yan majalisar sarki.

Shi kuwa shekararsa 58, ba mata, ba ɗa. Shekara guda kafin nan ya fita daga wata shari'a mai zubar da mutunci, inda George Norton ya kai shi kotu bisa zargin neman matarsa Caroline Norton, masu taya alƙali hukunci suka wanke shi nan take. Marainiya mai neman uba ta haɗu da dattijon da gidansa ya zama kango.

Daga nan Firayim Minista ya koma bafade na sosai. Shi ne sakatarenta, shi ke karanta mata takardu yana warware mata abin da ke ciki. Suna hawan doki tare da rana, da dare yana zaune a gefenta wurin cin abinci, an kuma ware masa ɗakuna a fadar Windsor. Mai ashar ya kama bakinsa, mai kishingiɗa ya zauna daram. Ya koya mata tarihin kakanninta, da halin kowane minista, da yadda ake sa hannu a abin da ba a so in majalisa ta riga ta yanke. Littafin da take rubuta al'amuranta na yau da kullum cike yake da hirarsa.

Amma malami yakan ba ɗalibi har da aibinsa. Melbourne ya sa mata ɗaukar koke-koken talakawa a matsayin abin da ake zuzutawa, ya kuma bar ta ta zama 'yar Whig a fili, tana ganin 'yan Tory abokan gaba. Matan da ya zaɓa mata su yi mata hidima a fada kusan duk matan 'yan jam'iyyarsa ne ko danginsu. Nan ya shuka abin da ya tsiro a 1839.

Rikicin matan fada

A watan Mayu na 1839 gwamnati ta kawo ƙudurin dakatar da majalisar Jamaika, inda Turawa masu gonakin rake suke taurin kai bayan 'yanta bayi. Ƙudurin ya tsallake da ratar ƙuri'a biyar kacal. Melbourne ya ga ba a mulki da irin wannan rata, ya ajiye aiki. Sarauniya ta sha kuka, sannan dole ta kira Peel.

Peel ba shi da rinjaye, don haka ya nemi wata alama da za ta nuna Sarauniya na tare da shi: a sauya wasu daga cikin manyan matan fada. Hujjarsa ita ce ba zai yi mulki ba alhali waɗanda ke tare da Sarauniya safe da yamma matan abokan hamayyarsa ne. Duk wanda ya san fada ya san mai shiga turaka ya fi mai jira a zaure samun kunnen sarki. Biktoriya ta ce ko ɗaya ba za ta sauya ba, matan ɗakinta ba ruwansu da siyasa. Peel ya ce to shi ma ya fasa. Ministocin da suka riga suka ajiye aiki suka taru, suka ga bai kamata su yar da yarinyar a wannan hali ba, Melbourne ya dawo.

A ido Sarauniya ta yi nasara, amma ta biya da farin jininta. A wannan shekarar ce fada ta yi wa Lady Flora Hastings, mai hidimar mahaifiyar Sarauniya kuma 'yar gidan Tory, ƙazafin cikin shege saboda cikinta ya kumbura. Likitoci suka duba ta suka wanke ta, ta rasu a watan Yuli, aka gano ƙari ne a hantarta. Melbourne, da halinsa na a bar abu ya huce da kansa, bai kashe wutar da wuri ba. A filin sukuwa na Ascot har an yi wa Sarauniya ihu ana kiranta matar Melbourne. Da ta tsufa, ita da kanta ta yarda cewa ƙuruciya ta taka rawa, kuma da za a sake da wataƙila ba haka za ta yi ba.

Abin da gwamnatinsa ta bari

Mutumin da ba ya son sauyi ya shugabanci sauye-sauye da dama, yawanci don ministocinsa sun matsa. Dokar 1835 ta ba manyan garuruwa majalisun da masu biyan haraji ke zaɓa. Daga 1837 gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa. A 1840 aka mayar da kuɗin aika wasiƙa kwabo ɗaya zuwa ko'ina a ƙasar, bisa shawarar Rowland Hill, aka kuma buga 'yar takardar da ake mannawa a ambulan, ta farko a duniya, da hoton kan Biktoriya. Al'adar sa hoton mai mulki a kanta ce ta sa har yau Bahaushe ke ce mata kan sarki.

A waje kuwa zamaninsa ne aka fara yaƙi da Sin kan cinikin ofiyom, da yaƙin farko na Ingila a Afganistan, duka a 1839. Gwamnatinsa ce kuma ta shirya ayarin jiragen ruwa uku masu tururi da suka shiga kogin Kwara a 1841 da nufin ƙulla yarjejeniyar hana cinikin bayi. Zazzaɓi ya kashe Turawa da dama, tafiyar ta watse, amma a cikin jiragen akwai Samuel Ajayi Crowther da wani ɗan mishan Bajamushe, J. F. Schön, wanda ya buga littafin kalmomi da nahawun Hausa a 1843. Birnin Melbourne na Ostiraliya ma sunansa aka sa masa a 1837.

Ƙaunar fada ba ta hana faɗuwa

Shekara biyun da Sarauniya ta ƙara masa ba su yi albarka ba. Kasuwa ta faɗi, baitulmali yana cin giɓi shekara bayan shekara, ma'aikata suna gangamin neman ƙuri'a. A Yunin 1841 Peel ya kawo ƙudurin rashin amincewa da gwamnati, ya ci da ƙuri'a 312 a kan 311. Aka je zaɓe, kowa ya san inda zuciyar Sarauniya take, duk da haka 'yan Tory suka sami rinjayen fiye da kujera 70. A ƙarshen Agusta Melbourne ya sauka. Wannan karon ba a yi rigima kan matan fada ba, domin an riga an sasanta a asirce cewa uku daga cikinsu za su ajiye aiki da kansu.

Ya ci gaba da rubuta wa Sarauniya wasiƙu har da shawarwarin mulki, sai da Baron Stockmar, mashawarcin gidan sarautar, ya ja masa kunne cewa jagoran 'yan hamayya ba ya zama mai raɗa a kunnen Sarauniya. A 1842 shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Ya rasu a gidansa na Brocket Hall ranar 24 ga Nuwamba, 1848. Ƙaninsa Frederick ya gaje shi, shi ma ya rasu a 1853 ba ɗa, sarautar ta ƙare a nan.

Yanzu mai karatu na iya amsa tambayar da kansa. Sarkin Ingila yana da ikon tuɓe Firayim Minista a rubuce, amma 1834 ta nuna ba zai iya hana wanda majalisa ke so dawowa ba, 1841 kuma ta nuna ba zai iya riƙe wanda masu zaɓe suka ƙi ba. Tun daga lokacin, mai neman mulki a Birtaniya ƙuri'un majalisar wakilai yake fara ƙirgawa kafin ya nufi ƙofar fada.

Saura tambaya guda. In sarauta ta rasa ikon naɗi da tuɓewa, da me ta riƙe martabarta har yau? Wanda ya shirya sasantawar nan ta asirce da Peel a 1841 wani saurayi ne Bajamushe da Biktoriya ta aura ranar 10 ga Fabrairu, 1840, wanda majalisa ta rage kuɗin da gwamnati ta nema masa daga fam 50,000 zuwa fam 30,000 a shekara tun kafin a ɗaura auren. Shi ne ya gaji kujerar Melbourne a gefen Sarauniya, ya kuma janye ta daga rigimar jam'iyyu. A babi na gaba za mu bi sawun Yarima Albert.